Kiwon Tana a Bokiti Don Yara

Don tana ta mayar da ragowar abinci taki, a samo bokitin roba mai cin lita 20, wani babba ya huda gindinsa da murfinsa da ƙusa. Yara su yayyaga kwali, su jiƙa, su matse har ruwa ya daina ɗiga, su cika rabin bokitin, a barbaɗa ƙasa cikin tafi biyu, sannan a zuba tanar a ciki. Tanar da ake so ita ce ja ta ƙarƙashin tulin taki, domin ta zurfin ƙasa ba ta zama a bokiti.

Sau ɗaya a mako a binne ɓawon ayaba da ragowar ganye, ban da mai, nama, gishiri da barkono. In wari ya tashi, abinci ya yi yawa ko ruwa ya kwanta, sai a ƙara busasshen kwali. Zafin rana yana kashe tanar, don haka inuwa dole ce. Bayan kimanin wata 3 baƙin taki zai samu.