Mako na shida: na goge launukan taswirata

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Mako shida ke nan ina fama da auna yadda ƙasar da muke takawa take ƙara wa girgizar ƙasa ƙarfi, kuma jiya na goge duk jan launin da na shafa wa 'yar taswirata a manhajar zana taswira ta QGIS. Bari in ba ku labarin yadda aka yi.

Domin waɗanda suka riske mu daga baya: idan taguwar girgiza ta baro dutse mai tauri ta shiga laka ko rairayi, gudunta kan ragu, kaɗawarta ta ƙaru, sannan ta maƙale tana kai da komo tsakanin dutsen da doron ƙasa. Abin da ya sami birnin Meziko ke nan ranar 19 ga Satumba 1985. Girgizar ta taso ne daga gaɓar teku, fiye da kilomita 300 daga birnin, amma unguwannin da aka gina a kan lakar tsohon tafkin Texcoco su suka ji jiki. Lakar tana lilo sau ɗaya a kusan daƙiƙa 2, kuma benaye masu hawa 6 zuwa 15 suka fi rushewa, domin lilonsu ya zo kusa da na lakar. Kamar mai tura yaro a lilo ne, idan turin ya zo daidai lokacin dawowa, ɗan ƙarfi kaɗan ya isa.

Hanyar da nake bi ita ce wadda injiniyan Japan Yutaka Nakamura ya yaɗa a 1989. Ba sai an jira girgiza ba. Ƙasa kullum tana ɗan motsi saboda iska da motoci da teku, sai ka ajiye na'ura mai jin motsi ta fuska uku, wato sama da ƙasa, kudu da arewa, gabas da yamma, ka raba motsin kwance da na tsaye. Nakan naɗi minti 30 a kowane wuri, in zuba a manhajar Geopsy, ta zana mini layin da ke nuna sakamakon rabon a kowane yawan kaɗawa. A kan falalen dutse layin ya fito a miƙe, babu wani tudu. A gefen kogi kuwa sai ga tsini ya tashi a wajen kaɗawa 2.5 a daƙiƙa. Na yi murna ƙwarai.

To, a nan na yi tuntuɓe. Na ɗauki tsayin tsinin a matsayin ninkin girgiza, duk wurin da ya fi tsayi na shafa masa ja. Ashe ba haka ba ne. Jagorar da aikin bincike na Turai mai suna SESAME ya fitar a 2004 ta nuna cewa abin dogaro a wannan hanya shi ne inda tsinin ya tsaya, wato yawan kaɗawar da ƙasar ta fi amsawa. Tsayinsa yana nuna cewa akwai bambanci babba tsakanin taurin saman da na ƙasan, amma ba shi ne adadin ninkin ba. Jan launina ƙarya yake faɗa da babbar murya, shi ya sa na goge.

Ko inda tsinin ya tsaya ma ba ya warware komai shi kaɗai. Ƙa'idar ita ce yawan kaɗawa daidai yake da gudun taguwa a raba da ninki huɗu na kaurin laka. Idan gudun mita 200 ne a daƙiƙa, kaurin lakar gefen kogin mita 20 ne. Idan 300 ne, ya zama mita 30. Amsa biyu, tsini ɗaya. Sai an sami bayanan wata rijiyar burtsatse a kusa kafin a san wanne ne gaskiya.

Wani kuskuren, don kada ku maimaita shi, a lissafin Vs30 ne, matsakaicin gudun taguwa a mita 30 na sama. Ku gwada da mita 10 masu gudun mita 150 a daƙiƙa, sai mita 20 masu gudun 600. Ni na yi matsakaici irin na 'yan makaranta, na sami 450. Daidai shi ne a lissafa lokacin da taguwar ta ɓata a kowane kashi, a haɗa, a raba 30 da shi, sai a sami 300. A tsohon tsarin NEHRP na Amurka, mai rarraba ƙasa rukuni-rukuni bisa taurinta, 450 rukunin C ne, 300 kuwa rukunin D, wanda a lokacin ya kama daga 180 zuwa 360. Ɗan sakaci ya sauya wa ƙasa rukuni.

Shawara ɗaya kan aikin fili: kada ku ajiye na'ura a kan ciyawa ko kusa da bishiya ranar iska, saiwoyi na jijjiga ƙasa. Naɗina biyu suka lalace a haka.

Mako mai zuwa zan koma wurare uku na gefen kogin da asuba, kafin motoci su fito, in ga ko tsinin zai tsaya a 2.5. A taswirar kuwa ɗigo-ɗigo zan sa, kowanne da lambarsa, in bar tsakaninsu fari.