Asabar ɗin gidauniya

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare ke nan. Ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma na san in na kwanta ban rubuta ba, kafin gari ya waye rabin abin ya zube daga kaina.

Yau muka yi taron da muka kwashe wata biyu muna shiri: gidauniyar taimaka wa yara masu sikila na unguwarmu da kuɗin magani, haɗe da ba da jini. Ni ce ma'aji. Ba don na fi kowa amana aka ɗora mini ba, bakina ne ya ja mini, tun a zaman farko da na ce ina son lissafi. Mun saka ranar a wannan makon saboda ranaku biyu da ke maƙwabtaka da juna: 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, wadda ta dace da ranar haihuwar Karl Landsteiner, likitan da ya gano rukunan jini a 1901, sai 19 ga Yuni, ranar sikila, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2008. Shugabanmu ya ce tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ni kuwa na ga aiki biyu a kan mutum goma sha ɗaya.

Safiya ba ta da labari mai daɗi. Masu rumfa sun makara, kujerun da aka kawo ba su kai yadda muka biya ba, janareta ya yi tari sau biyu kafin ya yarda ya tashi. Ma'aikatan bankin jini ne kaɗai suka zo a kan lokaci, da gadajensu masu naɗewa da akwatunan sanyi, suka tsaya suna kallonmu muna ta kai-kawo. Na ji kunya ƙwarai.

Rigimar farko ta tashi tun kafin baƙi su zauna. Matashin da ke kula mana da shafukan sada zumunta ya dage sai an hau da wata yarinya kan dandamali, 'yar shekara tara, wadda ba ta fi kwana huɗu da fitowa daga asibiti ba. Idanunta har yanzu rawaya ne. Ya ce, "Anti, mutane ba sa ba wa lissafi kuɗi, fuska suke ba wa." Abin haushin, ba ƙarya ya yi ba. Akwai binciken da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka wallafa a 2007, inda suka ga mutane sun fi sakin hannu idan aka nuna musu yarinya ɗaya da sunanta, fiye da in an karanto musu alƙaluman miliyoyin masu fama da yunwa. Har ma da aka haɗa labarin yarinyar da alƙaluman, sai abin da ake bayarwa ya ragu. Shi kuma yaron nan kullum mafarkinsa mu yi irin wasan zuba ruwan ƙanƙara a ka na 2014, wanda ya tara wa ƙungiyar masu yaƙi da ALS, wata cuta mai shanye jijiyoyin jiki, a Amurka dala miliyan 115. Na sha gaya masa ba kowace rana ake samun irin wannan ba.

Ba mu muka raba gardamar ba, uwar yarinyar ce. Tana zaune a gefe, ashe duk tana jinmu. Ta ce, "Malama, ni zan tashi in yi magana, in kuna so in yi kuka ma zan yi. Amma ita ku bar min ita. Ranar Litinin makaranta za ta, kuma 'yan ajinsu duk suna da waya a gida." Shi ke nan, babu wanda ya ƙara tofa komai.

Ba ta yi kukan ba. Ta riƙe makirufo da hannu biyu kamar za a ƙwace mata, ta ba da labarin dare guda kawai: yadda ciwon ya taso ƙarfe biyu, yarinyar ta ce kamar ana sarar ƙashinta, yadda suka isa asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa sosai sai an ƙara, kuma babu irin nata a ajiye. Ta ce ta kira mutum goma sha huɗu a waya kafin asuba, uku suka ɗaga. Filin ya yi tsit, har ƙarar janareta ta dawo kamar sabuwa. Bayanta likitar da muka gayyato ta yi bayani a taƙaice, ta ce ƙwayar jinin mai lafiya tana rayuwa kwana 120, ta mai sikila kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, kuma saboda lanƙwashewar da take yi kamar lauje, takan toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan azabar take fitowa. Ta ƙara da cewa idan uwa da uba duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikilar amma ba sa ciwon, kowane ciki yana da kasadar ɗaya cikin huɗu ta a haifi mai sikila, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Na ga wasu iyaye suna duban juna.

Daga nan aka shiga abin da ya tara manya. Mai gabatarwa ya fara kiran sunaye, kowa ya tashi ya faɗi abin da zai bayar, a yi tafi. Ni ina ƙasan dandamali da babban littafina da na raba kowane shafi gida biyu. Hagu: ya shigo. Dama: alkawari. Bara ban yi wannan rabon ba, kuma na ɗanɗana kuɗata. An sanar da jimilla a lasifika, kowa ya tafi gida da ita a kansa, alhali abin da muka iya karɓowa daga alkawuran bayan wata biyar ana bin mutane bai kai rabi ba. Iyaye suka riƙa zuwa da takardun magani muna cewa babu, su kuma suna tuna adadin da suka ji da kunnensu. Me kake so su ce? Har gaban idona wata ta ce an ci kuɗin marasa lafiya, kuma ni take kallo.

Yau ma ga wani bawan Allah da ya yi alkawari bara, har yanzu ko sisi ba mu gani ba, ya tashi ya ninka na bara. Tafin da aka yi masa ya fi na kowa. Na rubuta shi a dama, hannuna na rawa don takaici. Da ya zo wucewa ta gabana sai ya ce, "Ma'aji, ki turo min lambar asusun." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Sau shida na tura masa ita bara.

Amma kada in yi rashin adalci. Ba maganar mai kuɗi da talaka ba ce. Wata Hajiya da ko kujerar gaba ba ta zauna ba ta matso ta nuna mini wayarta, ta riga ta tura, ta ce in na kuskura na kira sunanta ba za ta sake zuwa ba. Abin da ta bayar ya fi na mutum uku da suka yi jawabi. A gefe guda kuma, cikin akwatin da muka zagaya da shi mun tarar da takardun kuɗi biyu da suka yage har ba sa karɓuwa, kuma wani saurayi ya nuna mana hoton shaidar tura kuɗi da har yanzu bankin bai san da ita ba. Sannan dole in yarda cewa hayaniyar lasifikar tana da ranarta, domin duk lokacin da aka ambaci babban adadi, sai in ga hannaye sun ƙaru a bakin akwati. Ko alkawarin da ba za a cika ba yakan zaburar da na kusa da shi ya ciro nasa. Wannan ne abin da na kasa warwarewa a raina har yanzu.

Da rana ta take na bar wa sakatare littafin na zagaya rumfar jini. Can babu tafi, babu kiran suna. Layi ne kawai, a auna nauyinka, a soki yatsa a duba ƙarfin jininka, a yi maka 'yan tambayoyi, ka kwanta. Wani siririn yaro, ɗan shekara goma sha tara in ji shi, ma'auni ya nuna bai kai kilo 50 ba, aka ce ya yi haƙuri. Ya tafi, bayan kamar minti ashirin sai ga shi ya dawo ya sake shiga layi, aljihunansa sun yi kumburi. Nas ɗin ta dube shi ta ce, "Ƙanena, fito da duwatsun nan." Har da kwaɗon ƙofa a ciki. Mun yi dariya har da hawaye, shi kuwa ransa ya ɓaci da gaske, ya ce abokinsa ne mai sikila. Daga baya na gan shi yana raba wa waɗanda suka gama ruwa, ya samu aikin yi.

Ni ma na kwanta. Na gaya wa nas ɗin ni AS ce, ko za a karɓa. Ta ce za a karɓa, sai dai ba mai sikila za a ƙara wa ba, akwai masu haihuwa da waɗanda suka yi hatsari suna jira. Allurar ta fi yadda nake zato kauri. Na kawar da kai, ina matsa ƙwallon robar da aka ba ni, ledar tana cika a hankali tana lilo a kan ɗan ma'auninta. Mililita 450, cikin kamar lita biyar da ke jikin babban mutum, bai kai minti goma ba. Ina kwance ina jiyo mai gabatarwa daga nesa yana ta kwarara wa wani kirari, sai tunani ya zo mini cewa a wannan rumfar littafin gida ɗaya gare shi. Ba a rubuta leda sai ta cika.

Leda talatin da bakwai aka samu. Kafin a ƙara wa kowa sai an gwada su, na ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, don haka wataƙila ba duka za su tsallake ba. Waɗanda suka tsallake kuma ba sa wuce kwana 42 a firji. Wato nan da mako shida duk abin da muka tara yau ya ƙare, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, yaran kuwa ciwonsu bai san kalanda ba. Shi ya sa na fi murna da takardar da mutum hamsin da ɗaya suka rubuta lambobin wayarsu da rukunin jininsu, suka yarda a kira su ko da tsakar dare ne. Maza za su iya sake bayarwa bayan wata uku, mata bayan huɗu. Ko da yake, in an duba da kyau, wannan takardar ma alkawari ce. Za mu gani ranar da aka buga waya ƙarfe biyu.

Ƙidayar kuɗi mun yi ta mu uku bayan magariba, ƙofa a buɗe, kowa ya ƙirga nasa zagaye ya sa hannu. Lissafi ya ƙi haɗuwa. Rasit ya fi kuɗin hannu, ba da yawa ba, amma ya isa ya sa gumi ya karyo mini. Babu wanda ya ce komai, kuma shirun ya fi magana ciwo. Minti arba'in muna bin rasit ɗaya bayan ɗaya kafin sakatare ya gano cewa lokacin da nake rumfar jini ya rubuta wa mutum ɗaya sau biyu, ɗaya da aka sanar, ɗaya da ya kawo. Na sauke ajiyar zuciya har da salati. Da muka cire hayar rumfa da kujeru da lasifika da man janareta, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya shigo hannu ya tafi. Wannan ma sai mun zauna a kai, domin ban ga dalilin da zai sa mu riƙa hayar kujerun alfarma don mutanen da ke cika mana shafin dama ba.

Sai shugaba ya ce a haɗa hagu da dama a wallafa jimilla ɗaya daren nan, don ƙarfafa gwiwar jama'a da mutunta manyan baƙi. Na ce, "Baba, ka yi mini rai, ba zan sa hannu a kan kuɗin da ban gani ba." Ya ce ina so in kunyata mutane. Na ce ba suna zan saka ba, adadi ne. Ya yi shiru yana juya hularsa a gwiwa. Dattijo ne mai kirki, shi ya kafa ƙungiyar bayan rasuwar jikansa, kuma ban taɓa musa masa a gaban mutane ba sai yau. A ƙarshe ya ce a rubuta uku: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da ake jira. Haka muka wallafa, da hoton rasit ɗin masu rumfa da komai. Kafin in iso gida har mutum biyu daga shafin dama sun tura nasu.

Saura ashirin da ɗaya. Na jera su a takarda, Litinin zan fara kira. Bawan Allah na bara shi ne na farko, kuma tun ɗazu nake rubuta masa saƙo ina gogewa: na farko ya yi zafi, na biyu ya yi kama da roƙo, na uku na bar shi a lambar asusu da gaisuwa. Filastar hannuna ta fara ɗagowa, wurin ya ɗan yi shuɗi. An ce kada in ɗauki abu mai nauyi yau, ga shi ni na ɗauko akwatin da littafin har sama.