Tashar da ke ba da wuta, ita ma wuta take nema

Taubashina ya zo hutun Babbar Sallah daga ƙasar waje, inda ya daɗe yana zana tsarin lantarki na tashoshin nukiliya. Tare muka yi karatun injiniya a Zariya. Ni na dawo Birnin Kebbi ina fama da janareto da sola, shi ya haye jirgi. Muna zaune a zauren Baba bayan la'asar aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak. Na ce, "To bawana, ga ranarka. Ku kawo mana irin taku mu huta."

Ya ce, "Kai ne dai bawan. Wannan ɗaukewar ita ke hana ni barci a wurin aiki."

Ni duk zatona aikinsa fitar da wuta ne zuwa gari. Ashe abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne kada wuta ta yanke a cikin tashar kanta. Ko an kashe tukunyar nukiliya, wato inda ake samar da zafin da ake mayarwa lantarki, makamashinta ba ya hucewa nan take. Yana ci gaba da fitar da kusan kashi 6 cikin 100 na zafinsa, sannan ya riƙa raguwa sannu a hankali, kamar murhun da aka janye wa itace garwashi na nan jajir. Dole famfuna su yi ta zagaya ruwa, famfo kuwa sai da wuta. Shi ya sa ake jawo layi biyu daga waje, a ajiye janaretocin dizal, a bayansu kuma batura. Kowane rukuni da ɗakinsa da hanyar wayoyinsa, don kada gobara ɗaya ta lashe su duka.

Ya kawo zancen Fukushima ta Japan, ranar 11 ga Maris 2011. Girgizar ƙasa ta katse layukan waje, janaretoci suka tashi yadda aka tsara. Kafin awa guda ta cika, ruwan teku ya haura katanga ya cika ɗakunan ƙasa inda aka girke su tare da allunan rarraba wuta. Tukwane uku suka narke.

Nan jikina ya yi sanyi, don na tuna ambaliyar 2020. Akwai wani injin casar shinkafa wajen Argungu da ni na girka wa janareto, a ƙasa ƙurmus, saboda mai wurin ya ce dakali ɓarnar siminti ne, ni kuma ban ja ba. Da ruwa ya janye, laka muka kwasa daga cikinsa.

Na tambaye shi batun Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, inda aka ce za a kafa namu. Ya ce in yi lissafi da kaina: tukunya ɗaya irin wadda Rasha ke gina wa Masar megawat 1,200 take bayarwa, ta fi Kainji mai 760. Ƙa'idar da suke bi ita ce kada inji ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na wutar ƙasa, mu kuwa tsakanin 4,000 da 5,000 muke lilo. Ranar da ta yi tuntuɓe, da kowa za ta faɗi. Tukunyar da ke Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004 kimanin kilowat 30 ce kawai, ta bincike.

Da zai tafi ya leƙa ɗakin da na haɗa batura da janareto da jarkar fetur wuri guda. Bai ce uffan ba, hoto kawai ya ɗauka ya tura wa ƙanwata.