Abin da kamfen ɗin Gary Johnson ya koya mini

Har yau in na tuna da takardun nan sai gabana ya faɗi. A damina ta 2016 muna tattara sa hannu domin sunan Gary Johnson, ɗan takarar shugabancin Amurka na jam'iyyar Libertarian, ya shiga takardar zaɓe a jihar New York, inda dokar wancan lokacin ta ce sai an kawo 15,000. Ni kuwa na ga hanya mai sauƙi: ranar Juma'a na tsaya a ƙofar masallacinmu a Bronx da allo da biro. Mutanenmu direbobin tasi da masu shago suka yi ta sa hannu, don na ce musu tsohon gwamnan New Mexico ne, yana so a rage haraji, a daina tura sojoji yaƙi ƙasashen waje, kuma ba ya goyon bayan gina katanga a kan iyaka.

Ban tambayi kowa ko yana da rajistar zaɓe ba. Da yawansu katin zama kawai suke da shi, ba 'yan ƙasa ba ne masu ikon yin zaɓe, don haka sa hannunsu ba ya aiki. Da matar da ke duba takardun ta zauna da jan biro, tana soke layi bayan layi, ba ta ɗaga murya ba. Aikin makonni uku ya tashi a banza, wasu suka koma titi cikin zafi su cike gurbin da na bari.

Akwai kuma abin da na ɓoye. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ba shi ne mai son a halatta wiwi ba?" Na ce masa maganar 'yan adawa ce. Ƙarya na yi. Manufar a fili take, kuma daga tushe ɗaya ta fito da sauran: gwamnati ta cire hannunta daga rayuwar mutum. Ya kamata in faɗa masa haka, ya yanke hukuncinsa. Na koma na ba shi haƙuri bayan zaɓe.

Sauran darussan sun zo da kansu. Ƙa'idar da ta ce sai ɗan takara ya samu kashi 15 a ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta hana mu shiga muhawarar 'yan takara. Tambayar da aka yi wa Johnson a talabijin kan Aleppo, birnin Siriya da ake yaƙi a cikinsa a lokacin, wadda ya kasa amsawa a watan Satumba, ta bi mu har ƙofar gidaje.

Ya samu kusan ƙuri'a miliyan 4.5, sama da kashi 3, bai kai kashi 5 da muke nema domin jam'iyyar ta samu tallafin kuɗin kamfen daga gwamnati ba. Abokai suna ce mini na zubar da ƙuri'ata. Su dai ba su taɓa tsayawa a rana da allo a hannu ba.