Mako na tara da na'urar auna danshi: ranar da rauta ta mutu cikin dare

'Yan'uwa masu koyo, yau mako tara ke nan da na soma haɗa 'yar na'urar da za ta riƙa auna danshin ƙasa a lambu tana aiko min da sakamako. Wasu cikinku sun soma irin wannan aikin a bayana, don haka ga inda na tsaya, da inda na yi tuntuɓe, ko Allah Ya sa ku tsallake ramin da na faɗa.

Kayan aikin ba su da yawa. Allon ESP32 na kamfanin Espressif, wato 'yar ƙaramar kwamfuta mai Wi-Fi, ma'aunin danshi da ake cusawa a ƙasa, batir ɗaya nau'in 18650 mai ɗaukar mAh 2500, sai wata tsohuwar kwamfuta a ɗaki da na ɗora wa manhajar Mosquitto don karɓar saƙonni. A makon farko komai ya tafi lami lafiya. Na rubuta sunan Wi-Fi da kalmar sirri, allo ya haɗu, lambobi suka soma fitowa a fuskar kwamfuta. Na ɗauka aiki ya ƙare. Ashe a kan tebur ne kawai, kusa da rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi, ga wutar USB ba yankewa.

Matsala ta farko ƙarama ce, amma ta cinye min yini biyu. Duk sa'ad da Wi-Fi ke kunne, sai ma'aunin danshi ya daina ba da lamba mai ma'ana. Na canza waya, na canza ma'aunin, ba abin da ya sauya. Daga baya na karanta takardar bayanin guntun ESP32 na gane cewa sashen awo biyu gare shi, ADC1 da ADC2, kuma rediyon Wi-Fi yana riƙe na biyun idan yana aiki. Na mayar da wayar zuwa ƙafa ta 34, wadda ke cikin ADC1, nan take lamba ta daidaita. Ku riƙe wannan: ƙafafu 32 zuwa 39 su ne na ADC1. Haka nan ainihin ESP32 zangon GHz 2.4 kaɗai yake ji, idan rautarku tana kan GHz 5 ba zai ma ga sunanta ba.

Kafin in shiga batun batir, bari in ɗan tsaya kan MQTT, tsarin da na'urar ke aika saƙo da shi, domin shi ne abin da ya fi burge ni a duk tafiyar nan. Andy Stanford-Clark na kamfanin IBM da Arlen Nipper ne suka ƙirƙiro shi a 1999, don sa ido kan bututun man fetur ta tauraron ɗan'adam, inda kowane bayit yake da tsada kuma layi ba shi da tabbas. Wannan asalin ya bayyana a cikin halinsa. Na'ura ba ta magana da waya kai tsaye. Akwai dillali a tsakiya, a wurina Mosquitto ke nan. Na'ura ta miƙa wa dillali saƙo a ƙarƙashin wani take, duk wanda ya yi rajistar wannan taken sai dillali ya isar masa. Mai aikawa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san mai aikawa ba. Kan saƙon kuwa, mafi ƙanƙantarsa bayit 2 ne kacal.

Abu biyu suka kama ni a nan. Tun daga fitowa ta 2.0, Mosquitto ba ya sauraron kowa sai kwamfutar da yake ciki, har sai ka buɗe masa ƙofa ta 1883 da hannunka a fayil ɗin saiti ka kuma faɗa masa wa zai bari ya shigo. Na biyu, da na haɗa allo na biyu na kwafe masa manhajar na farko ba tare da canza sunan shaida ba, sai suka riƙa korar juna: wannan ya shiga, dillali ya fitar da wancan, wancan ya dawo, a fitar da wannan. Kowace na'ura ta sami sunanta daban.

To, a mako na huɗu na fitar da na'ura waje, a kan batir. Lissafin mai sauƙi ne. Allo mai kunnannen Wi-Fi yana jan kusan mA 80 a matsakaici, batir kuma mAh 2500 ne, wato awa 31 ko kusa da haka. Maganin da kowa ya sani shi ne barci mai nauyi: na'ura ta farka, ta auna, ta aika, ta koma barci na minti 15. A takarda, guntun ESP32 yana jan kimanin µA 10 a wannan barcin. Na yi tsammanin watanni. Kwana goma sha ɗaya batir ya yi ya faɗi.

Na ɗauko mita na sa ta tsakanin batir da allo, na jira na'ura ta yi barci. Allurar lissafi ta tsaya wajen mA 9. Guntun yana barci da gaske, amma maƙwabtansa a kan allo idonsu biyu: ga 'yar fitila ja da ke nuna akwai wuta, ga guntun da ke magana da USB, ga mai daidaita wuta AMS1117 wanda shi kaɗai yake shan wajen mA 5 ko ba a aikin komai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Idan ka ninka 9 da awa 24 ka sami mAh 216 a rana, alhali farkawa 96 na yinin, kowace ta daƙiƙa 6 a kan mA 100, mAh 16 kaɗai suke ci. Na cire fitilar da bakin ƙarfen soda, daga baya na koma kan allon da aka yi shi musamman don batir. Daga nan ne lokacin da rediyo ke kunne ya zama babban mai cin batir.

Daƙiƙa shidan nan, ina suke tafiya? Aika saƙon kansa ƙiftawar ido ne. Sauran lokacin duk neman hanya ne: allo ya bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya yana neman rauta, ya gaisa da ita, sannan ya roƙi adireshin IP ya jira a ba shi. Na rage wannan ta hanya biyu. Na ba allo adireshi tsayayye don kada ya riƙa roƙo kullum. Sannan na ajiye lambar tashar da adireshin rautar a cikin 'yar ma'ajiyar RTC, wadda ba ta gogewa idan guntu ya yi barci mai nauyi, ko da yake tana gogewa idan an cire batir. Yanzu idan ya farka kai tsaye yake nufar ƙofar da ya sani. Farkawar ta sauko ƙasa da daƙiƙa biyu.

Da na rage lokacin sai wata matsala ta ɓullo, saƙonni suka riƙa ɓacewa jefi-jefi. Laburaren PubSubClient da nake amfani da shi yana aikawa ne a mataki na 0, wato ya jefa saƙo ba ya jiran a ce an karɓa. Ni kuma ina sa guntu barci da zarar umarnin aikawa ya wuce, rediyo ya mutu saƙo na bakin ƙofa. Yanzu sai na rufe haɗin da dillali yadda ya kamata, na ɗan jinkirta, sannan barci.

A nan ne zan daɗe, domin abin da ya faru a mako na shida shi ya canza min tunani gaba ɗaya. Wata rana da asuba na duba, babu saƙo ko ɗaya tun wajen ƙarfe goma na dare. Rauta ce ta mutu. Na kunna ta, saƙonni suka dawo, amma batir da na bari kusan cike ya zube sosai. Na buɗe manhajar da na rubuta, sai ga laifin ƙuru-ƙuru a layi uku: muddin Wi-Fi bai haɗu ba, jira rabin daƙiƙa ka sake dubawa. Wannan layin yana cikin kusan kowane misalin da muke kwafa lokacin koyo, kuma a kan tebur ba ya cutar da kowa. A lambu kuwa, na'urar ta kwana tana kiran rautar da ba ta nan. Awa takwas a kan mA 100 ya kama mAh 800, kusan kashi ɗaya cikin uku na batir a dare guda. Kuma duk awon da ya kamata ta yi a daren ya tafi a banza, tunda ba ta taɓa wuce wannan layin ba.

Na zauna na sake rubuta tsarin daga tushe, ina ɗaukar cewa katsewar layi abu ne da zai riƙa faruwa kullum. Yanzu na'ura tana fara auna danshi kafin ta taɓa rediyo, ta ajiye lambar a ma'ajiyar RTC. Sannan ta nemi Wi-Fi na daƙiƙa 10, ba ƙari. In ba ta samu ba ta koma barci, kuma kowane rashin nasara yana ninka tazarar gwaji na gaba: minti 15, sai 30, sai awa guda, ta tsaya a nan. Awon kuwa yana ci gaba a kan lokacinsa, rediyo a kashe. Ranar da layi ya dawo sai ta sauke duk abin da ta tara, kowane awo da lambar farkawarsa, don in iya lissafa lokacin da aka yi shi. Na gwada da gangan: na zare wutar rauta da yamma, na mayar da safe. Lambobin daren gaba ɗaya suka shigo a jere. Ban taɓa jin daɗin wani abu a aikin nan kamar wannan safiyar ba.

Wani abu da ya danganci wannan: MQTT yana da abin da za a iya kira wasiyya. Na'ura tana barin saƙo a hannun dillali tun lokacin shiga, cewa idan ka daina jin ɗuriyata ba tare da sallama ba, ka sanar. Dillali yakan jira ninki ɗaya da rabi na lokacin da aka yi alkawari kafin ya yanke hukunci. Yana da amfani ƙwarai ga na'urar da ke kunne kullum. Ga mai barci irin tawa, wadda take sallama duk bayan saƙo, wasiyyar ba za ta taɓa fita ba. Sai na sa kwamfutar ɗaki ta riƙa duba agogo, in awa biyu ta wuce shiru ta faɗakar da ni.

Makonni biyun da suka wuce na ba LoRa ne, saboda can ƙarshen lambu Wi-Fi ba ya kaiwa. Ƙarfin sigina a wurin yana sauka ƙasa da dBm -85, idan ganye ya jiƙe kuma ya ƙara lalacewa, domin ruwa yana shanye zangon GHz 2.4. LoRa fasahar rediyo ce mai kai saƙo nesa, ta kamfanin Semtech, wanda a 2012 ya sayi kamfanin Cycleo na Faransa da ya ƙirƙiro ta. Tana tafiya a ƙananan zanguna, MHz 868 a Turai, 915 a Amurka, akwai kuma 433, don haka kowa ya binciki zangon da dokar ƙasarsa ta yarda da shi kafin ya sayi allo. Tana iya tsinto saƙon da ya raunana har ƙasa da dBm -130, amma da sharaɗin ka yi magana kaɗan kuma a hankali. Akwai ma'aunin shimfiɗa sigina daga 7 zuwa 12. Kowane mataki sama yana ƙara nisa, yana kuma kusan ninka lokacin da saƙo ke ɗauka a iska. Saƙon bayit 10 da ke wucewa cikin kusan milisakan 40 a mataki na 7, yana cin kusan daƙiƙa guda a na 12. Wannan ya tilasta min barin dogon rubutun JSON, na matse komai cikin bayit 6: biyu na danshi, biyu na ƙarfin batir, biyu na lambar farkawa.

Gargaɗi ɗaya da nake roƙonku ku ɗauka da muhimmanci: kada ku sa allon LoRa ya aika saƙo babu eriya a jikinsa, yana iya lalata sashen aikawa. Eriyar ma ba wani abin wahala ba ce, guntuwar waya miƙaƙƙiya mai tsawon rubu'in zangon, kimanin santimita 8.6 ga MHz 868, ko 17.3 ga 433. Da na ɗaga ta sama da tsayin mutum na tsayar da ita a miƙe, bambancin ya fi wanda na samu daga ƙara ƙarfin aikawa. Ni dai allo biyu nake haɗawa kai tsaye, ɗaya a lambu ɗaya a ɗaki yana miƙa wa dillali. LoRaWAN, babban tsarin LoRa mai mashiga da kwamfutar saba da makullan sirri, ban taɓa shi ba tukuna.

Sauran hanyoyin na leƙa su ne kawai. Bluetooth mai ƙarancin wuta ya dace da abin da ke kusa da waya. Zigbee da Thread suna da kyau idan na'urori sun yi yawa a gida ɗaya, domin masu wutar bango suna miƙa wa juna saƙo. Allon SIM800L mai layin waya kuwa yana fizgar har amfa 2 a lokacin aikawa, ga shi na 2G ne wanda ƙasashe da dama suke rufewa, sai na ajiye shi gefe.

Abin da ya rage min, kuma yake damuna, shi ne tsaro. A 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta mamaye kyamarori da rautoci masu ɗimbin yawa ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, aka yi amfani da su a watan Oktoba wajen kai hari kan kamfanin Dyn, manyan shafuka suka daina buɗuwa. Dillalina yana da kalmar sirri, kuma ban buɗe shi ga intanet ba, amma saƙonnin suna tafiya a fili. Mako mai zuwa zan koma ƙofa ta 8883 mai ɓoye saƙo da TLS, in sa mita in ga daƙiƙa nawa gaisuwar sirrin za ta ƙara wa kowace farkawa. Wanda ya riga ni gwadawa a kan batir, don Allah ya faɗa min abin da mitarsa ta nuna.