Fatalwar da ba ta yi komai ba

Ɗazu na gama kallon wani fim ɗin ban tsoro, kuma har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Fatalwar ba ta yi ihu ba, ba ta kai wa kowa hari ba. Tsayuwa kawai ta yi a bakin ƙofar ɗakin yaron, kanta a ɗan karkace, ido ba ya ƙiftawa, kiɗan ya ɗauke sai wani gurnani mai kauri da ƙirji ke ji kafin kunne. Ina kashe talabijin na hangi rigata rataye a bayan ƙofa, gabana ya yanke ya faɗi. Na san riga ce, amma ɓangaren ƙwaƙwalwar da ake kira amigdala ya riga tunani, ya harba tsoron tun kafin hankali ya tantance abin da ido ya gani.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, fatalwar nan mahaifiyar yaron ce. Fuskar da ya saba gudu ya faɗa jikinta, yanzu babu ɗumi ko kaɗan a cikinta. Sai na tuna kakata, Allah ya jiƙanta. Da ita ce ta tsaya min a ƙofa haka, anya zan iya guje mata?