Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar Sanƙarau

A makon jiya na tsaya a kan komawarmu unguwar Mabera. Yau kuwa na iso wurin da na daɗe ina gudun rubutawa.

Bazarar 2017 ta zo wa Sakkwato da zafin da ya wuce misali, sai ga annobar sanƙarau da ta ɓarke a Zamfara tun ƙarshen 2016 ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Maigidana ya dawo daga aiki yana kukan ciwon kai da zazzaɓi, kafin wayewar gari wuyansa ya sandare, kuma duk da ƙoƙarin da ma'aikatan asibiti suka yi, bai ƙara taka ƙofar gidanmu ba.

Ba zan manta da alherin mutane ba. 'Yan Zumuntar Mata na majami'armu suka kwana tare da ni suna waƙoƙi, maƙwabtanmu Musulmi kuma suka cika tsakar gida da tabarmi da kwanonin fura da tuwo. Wata Hajiya mai shekarun mahaifiyata ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata, wanda ya ba ki shi ne ya karɓa." Na gode mata da zuciya ɗaya, domin abin da Ayuba ya faɗa ke nan lokacin da ya rasa 'ya'yansa. Amma da masu gaisuwa suka watse, sai na tarar bakina ya ƙi buɗewa a gaban Allah. Ina durƙusawa, ina tashi, babu kalma ko ɗaya, ga kuma tsoron kada shirun nan ya zama alamar na fita daga bangaskiya.

Matar fastonmu ce ta lura da halin da nake ciki. Ba ta yi mini wa'azi ba, ta dai buɗe Linjilar Yohanna sura 11 ta ce in karanta da ƙarfi. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari kafin Yesu ya iso Baitanya, Marta 'yar'uwar Li'azaru kuwa ta tarye shi da cewa, "Ya Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba." Maryamu 'yar'uwar Marta ma da ta zo, maganar da ta faɗa ke nan. Yesu bai tsawata wa ko ɗayarsu ba, hasali ma shi kansa ya zubar da hawaye, alhali ya san zai ta da Li'azaru daga matattu nan da ɗan lokaci.

Na ce, "Mama, ashe ana gaya wa Ubangiji irin wannan magana?" Ta ce, "Wa za ki gaya wa in ba shi ba?"

Daga ranar na fara addu'a da Zabura 13, wadda ta soma da tambayar Allah har yaushe zai manta da bawansa, da kuma Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da ta'aziyya ba. A ganina muna cutar masu makoki idan muka gaggauta su zuwa godiya, tunda Allah da kansa ya bar irin waɗannan koke-koke a cikin Littafinsa domin mu riƙa furta su.

Ciwon bai tafi ba, amma na daina ɓoye shi. Damina na faɗuwa sai dangin maigidana suka aiko cewa suna son a kai musu yaran ƙauye. Yadda muka yi da su shi ne labarin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.